Allo Na Nuna 750, Wuta Ta Haura 950: Nazarin Matsalar Awon Zafi a Wani Kamfanin Shinkafa

Kamfanin da wannan nazari ya shafa matsakaici ne, yana karkarar Kano ta kudu, a yankin da ruwan madatsar Tiga ke ciyarwa, inda mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam ke noman shinkafa rani da damina. Shanshera ake sayowa daga hannun manoma, a jiƙa ta da ruwan zafi, a turara, a busar, sannan a casa. Duk zafin da ake wannan aiki da shi daga wuri ɗaya yake fitowa, wato tanderun da ke cin ɓuntun da kamfanin ke fitarwa da kansa. Ɓuntu kusan kashi 20 cikin 100 ne na nauyin shanshera, saboda haka abin ƙonawa ba ya yankewa. Tanderu ya ba boila, wato tukunyar tururi, wuta, boila ta aika tururi zuwa tankunan gumi da injin busarwa.

Takardar waɗanda suka gina tanderun ta ce a riƙe zafin ɗakin wuta tsakanin digiri 750 da 800 na Salshiyos. Kuma a bisa allon da ke ɗakin kula, haka ake yi. Littafin da masu ba wuta ke rubutawa kowace sa'a cike yake da 745, 750, 760. Amma tanderun kansa wani labari yake bayarwa. Toka da a da take fita laushi, a kwashe ta da shebur ba wahala, ta koma dunƙulewa tana manne wa ƙarafan raga, sai an sa ƙarfe an fasa. Ƙarafan ragar sun fara lanƙwashewa. Bulon wuta na rufin ya tsattsage, har wasu sun zubo.

Manaja ya ɗora wa mai ba wuta na dare jakar tsaba. A ganinsa, mutumin na cika ɓuntu fiye da kima don ya samu ya runtsa, da safe kuma ya rubuta lambar da ake so. Har an fara maganar sallamarsa. Dattijo ne, daga gidan maƙera ya fito, kuma da na tambaye shi ga abin da ya ce:

"Injiniya, ni ba gwanin allo ba ne, abin da ya nuna shi nake rubutawa. Amma wuta na san ta. Da jajir take. Yanzu ruwan goro take yi. Na faɗa tun bara, aka ce allo ba ya ƙarya."

Maganarsa tana da tushe mai ƙarfi. Abu mai zafi yana yin ja mai duhu a wajen digiri 600 zuwa 700, ya yi ja mai haske a kusan 800, ya juya ruwan goro a tsakanin 900 da 1000, daga nan ya nufi rawaya. Ido ba zai ba ka lamba ba, amma bambancin digiri 200 ba ya ɓoyuwa ga wanda ya tashi a bakin zuga-zugi. Tokar ma shaida ce. Fiye da kashi 85 cikin 100 na tokar ɓuntu silika ne, wato sinadarin da ke cikin yashi. Idan aka ƙona shi ƙasa da digiri 800 yakan zauna da laushinsa. Idan zafi ya wuce haka sosai, ɗan fotashiyam da ke cikinsa yana sa shi mannewa, kuma silikan ya fara rikiɗa zuwa wani nau'i mai tauri da ake kira kiristobalait, wanda ƙurarsa ke lahanta huhu. Wannan ya fi komai damuna, domin a kamfanin nan mata da samari ne ke zuwa kwasar toka a buhu su kai gona, ba mai rufe hanci a cikinsu.

Hanyar da lambar ke bi

Kafin lamba ta bayyana a allo, hannu huɗu take ratsawa. Na farko tamokoful, sandar da aka cusa ta jikin bangon tanderu. A cikinta akwai wayoyi biyu na ƙarafa daban-daban da aka haɗa bakinsu. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya zafi, sai ɗan ƙarfin lantarki ya bayyana tsakanin wayoyin, abin da Thomas Seebeck ya gano a 1821. Wanda ke wannan tanderu nau'in K ne: ƙafa ɗaya nikel da kuromiyam, ɗayar nikel da ɗan alminiyam da wasu. Abin da yake bayarwa ƙanƙane ne ƙwarai, kusan milibolt 41 a digiri 1000. Na biyu wayar da ke ɗaukar wannan ɗan lantarki daga kan sandar. Na uku tiransimita, wadda ke karanta milibolt ɗin, ta mayar da shi kwararar lantarki tsakanin mili'amfa 4 da 20. Na huɗu allo, wanda ke mayar da mili'amfa lamba.

Abu biyu ne ya kamata duk mai taɓa wannan layi ya riƙe. Tamokoful bambanci yake aunawa, tsakanin zafin bakinsa da zafin wurin da wayoyinsa suka ƙare suka haɗu da jan ƙarfe. Shi ya sa kowace tiransimita ke da ƙaramin ma'auni a jikin sukurorinta, tana auna zafin wurin, ta ƙara shi a lissafi. Sannan lantarkin ba daga bakin sandar yake fitowa ba. Yana taruwa ne a tsawon wayar, a inda zafi ke sauka, galibi a sashen da ya ratsa bango. Duk abin da ya ɓata wayar a wannan sashe ya ɓata awon.

A jikin tiransimitar akwai 'yar takarda manne da ke nuna an gwada ta an saita ta 'yan watanni da suka wuce. Wannan takarda ce ta sa manaja ya tsaya kai da fata cewa allo daidai yake.

Bin sawu

Ba a kashe wuta ba, kuma da gangan ne. An bar tanderun yana aikinsa na yau da kullum, allo na nuna 750, aka cusa sabon tamokoful mai takardar shaida ta ramin leƙe da ke kusa da tsohon, zurfinsu ɗaya, aka haɗa shi da mitar hannu. Bayan ya zauna lambar ta tsaya a wajen 955. Mai kamfanin na tsaye. Ya dubi mitar, ya dubi allo, ya ce, "Malam, ɗaya daga cikinsu ke nan ke mana ƙarya." Na ce masa, "Ranka ya daɗe, mu bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne zai faɗi nasa rabon."

Daga ɗakin kula aka faro. An sa mita a layin tiransimita, ta nuna mili'amfa 16. Tsakanin 4 da 20, 16 kashi uku ne cikin huɗu. Da aka buɗe saitin allo, an tarar an gaya masa 4 na nufin sifili, 20 na nufin 1000, don haka ya rubuta 750 kuma bai yi kuskuren lissafi ba. Da aka jona tiransimitar da kwamfuta aka duba nata saitin, sai ga shi ita 20 a wurinta 1200 ne. Kashi uku cikin huɗu na 1200 kuwa 900 ne. Tiransimita na cewa 900, allo na jin 750. Tamkar mai sayarwa ne ya auna maka da babbar tiya, kai kuma ka lissafa da ƙarama: adadin tiyoyin ya zo daidai, hatsin bai zo daidai ba. Asalin abin kuwa, tsawa ta ƙona tsohuwar tiransimita a damina, aka sayo sabuwa aka ɗaura yadda ta zo, wuta ta kawo, lamba ta fito, kowa ya koma bakin aikinsa.

Wannan kaɗai ya cinye digiri 150. Kuma ya yi wata ɓarnar da ba wanda ya lura da ita. An saita ƙararrawa ta yi kuka idan allo ya kai 850. A wannan hali, 850 na allo 1020 ne a wurin tiransimita, idan kuma aka ƙara sauran kurakuran da za mu zo kansu, wutar sai ta kusa 1075 kafin ƙararrawa ta motsa. Watanni ke nan tanderun na tafiya ba mai tsaro.

Daga nan sai kan sandar. An cire wayoyin da ke tafiya ɗakin kula, aka jona mitar hannu kai tsaye a kan tsohon tamokoful da 'yar wayar K. Ta nuna wajen 930. A nan 930, a wurin tiransimita 900. Digiri 30 sun ɓace a hanya. Da aka feɗe wayar sai ga jan ƙarfe, irin wayar wutar gida mai ƙafa biyu. Toka mai zafi ta taɓa zubowa ta ƙone ta asali, mai gyaran wuta na kamfanin ya zare ta gaba ɗaya ya ja sabuwa. Ban ga laifinsa ba. A aikin da ya koya, waya waya ce, in dai lantarki na wucewa an gama. A nan kuwa wayar da ke bin bayan tamokoful ci gaban tamokoful ɗin ce, dole ta zama ta irin ƙarafansa ko masu hali irin nasu, har zuwa sukurorin tiransimita.

Ga yadda lissafin yake. Kan sandar, da yake manne da bangon tanderu, zafinsa ya kai kusan digiri 70. Cikin akwatin tiransimita kuwa 40 ne. Da aka sa jan ƙarfe, tamokoful ya ƙare ke nan a wuri mai zafin 70, ita kuwa tiransimita 40 take ƙarawa domin shi take ji a jikinta. A jadawalin K, digiri 70 milibolt 2.851 ne, 40 kuma 1.612. Bambancin, 1.239, shi ne ya salwanta, kuma a wajen digiri 900 wannan ya kai digiri 31. Mugun halin wannan kuskure shi ne ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da tsakar rana a watan Afrilu daban, da asuba a hunturu daban, don haka ba a iya cewa a riƙa ƙara 30 a kai a huta. Kuma idan tanderu ya huce, kan sandar da akwatin suka zo zafi ɗaya, kuskuren ya ɓace ɓat. Duk wanda ya zo gwaji ranar da aka kashe wuta ba zai taɓa ganinsa ba.

Saura digiri 25, tsakanin 930 na tsohuwar sanda da 955 na sabuwa. Wannan sai da aka zaro ta bayan an kashe wuta. Kuben ƙarfen ya ƙone ya yi ɓawo, kusa da baki akwai 'yar tsaga. Da aka yanka shi aka fito da wayoyin, ƙafar kuromiyam ta yi kore-kore a wani sashe, kuma da aka ɗan lanƙwasa ta sai ta karye kamar ba ƙarfe ba. An kawo maganaɗisu. A lafiyayyen K, ƙafar alminiyam kaɗai maganaɗisu ke kamawa, da hakan ma ake gane ƙafafun idan launi ya goge. A wannan kuwa ya kama duka biyun. Wannan ita ce koriyar ruɓa, cutar da aka san K da ita a tsakanin digiri 800 da 1050 idan iskar oksijin ta yi ƙaranci. A irin wannan yanayi kuromiyam kaɗai ke ƙonewa ya bar nikel, ƙafar ta rage ƙarfi, awon ya riƙa sauka a hankali. Tanderun ɓuntu kuwa wurin haihuwar wannan cuta ne, domin duk sa'ad da aka tura ɓuntu da yawa hayaƙi ya turnuƙe, iska ta yi kaɗan, can kuma ta dawo.

Abin lura a nan shi ne duka kurakuran uku gefe ɗaya suka karkata, gefen nuna ƙasa da gaskiya. Kuma suna ciyar da juna: allo ya nuna sanyi, a ƙara ɓuntu, zafi ya hau zuwa inda ruɓa ta fi saurin ci, sanda ta ƙara sauka, a ƙara ɓuntu. Mai ba wuta yana bin umarni ne sau da ƙafa, umarnin ne ke ƙona tanderun.

Mai kamfanin ya so a kai tsohuwar sandar birni a gwada ta a saita. Na hana. Tamokoful ba shi da abin juyawa, in ya lalace ya lalace. Ƙari a kan haka, idan aka sa shi a tanderun gwaji, zurfin da zai shiga daban ne, sashen da ya ruɓe yana iya faɗawa wurin da zafi bai sauya ba, sai ya ba da sakamako mai kyau a takarda, a dawo da shi ya ci gaba da abin da yake yi. Tsohon tamokoful a mazauninsa ake gwada shi, gefe da gefe da sabo.

Gwajin tiransimita

Ita ma an gwada ta, kuma an rubuta abin da aka tarar kafin a taɓa komai, domin wannan rubutun ne ke gaya maka yadda na'ura ke zamewa daga shekara zuwa shekara. An ba ta wutarta ta bolt 24, aka sa mita a layin fita, aka jona na'urar kwaikwayon tamokoful a bakin shiga da wayar K. Sai aka jira. Wannan jiran mutane da yawa ke tsallakewa. Na'urar da ta kwana a mota ko ta sha rana a hanya, da sukurorin da hannu ya gama murzawa, duk suna buƙatar mintuna su daidaita da zafin wurin, kuma kada fanka ta riƙa busa su. Kuskuren digiri ɗaya a sukurori kuskuren digiri ɗaya ne a awo.

Matakai biyar aka bi: sifili, 300, 600, 900 da 1200, ana sa ran mili'amfa 4, 8, 12, 16 da 20, a hau sannan a sauko ta kansu. Wanda ba shi da na'urar kwaikwayo sai mai ba da milibolt zalla zai iya yin aikin da wayar jan ƙarfe, muddin ya cire rabon zafin sukurori da hannunsa. Misali, 900 a jadawalin K milibolt 37.326 ne, idan sukurorin na kan digiri 40, abin da zai tura shi ne 35.714. In ya manta ya tura 37.326 ɗin, tiransimita za ta nuna fiye da 900 da kusan digiri 40, shi kuma ya kama juya ta yana gyaran abin da bai ɓaci ba.

Mafi girman kaucewar da aka samu a saman ma'auni ne, 19.97 maimakon 20. A ma'aunin sifili zuwa 1200, kowane mili'amfa digiri 75 ne, don haka wannan bai wuce digiri 2 da 'yan kai ba. Tiransimitar lafiyarta ƙalau, wanda ya manna takardar nan gaskiya ya rubuta. Abin da aka ba shi ya gwada shi ya gwada. Da an tura siginar daga can kan sanda ana kallon allo, tanderu na ci, da matsalar ma'auni da ta waya sun fito a ranar. A ganina duk kwangilar gwaji da ba ta ƙunshi wannan ba rabin aiki aka saya.

Wani saiti da aka gyara shi ne inda tiransimita za ta nufa idan sanda ta tsinke. An tarar an sa ta faɗi ƙasa. A tanderu wannan haɗari ne, domin mai ba wuta zai ga lamba ta zube ya ɗauka wuta ce ta mutu. Ƙa'idar NAMUR NE 43 ta ware mili'amfa 3.6 zuwa ƙasa, ko 21 zuwa sama, a matsayin alamar lalacewa. An mayar da ita sama, yadda in sanda ta mutu ƙararrawa za ta yi kuka, injin tura ɓuntu ya tsaya.

Ma'aunan tankunan jiƙo, inda ruwa ke zama tsakanin digiri 60 da 70, nau'in Pt100 ne, wato ma'aunin zafi na filatinam wanda ba tamokoful ba, kuma su suka dace da wurin. An duba su da dakakkiyar ƙanƙara da tafasasshen ruwa, suna lafiya. Sai dai a tuna cewa ƙasar Kano ta kusa mita 500 sama da teku, ruwa a nan yana tafasa ne a wajen digiri 98 da rabi.

Wace sanda za a sa

A nan aka fi daɗewa ana magana. Mai kamfanin, da ya ga asarar bulo da ƙarafa, cewa ya yi, "Malam, a sayo wanda ya fi kowanne tsada, ba na son na sake jin wannan zance." Wani ya riga ya ba shi labarin nau'in S.

S na filatinam ne, ƙafa ɗaya zalla, ɗaya gauraye da rodiyam kashi 10 cikin 100. Shi da ɗan'uwansa R suna kai wa wajen digiri 1600, B kuma ya wuce su har 1700. A masana'antar gilashi ko tanderun ƙona tangaran, inda zafi ke haura 1200, ba makawa sai su. Amma ga wannan tanderu na ba da shawarar a bar shi. Siginarsa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na K ba, milibolt 9.587 kacal a digiri 1000, don haka ƙaramar hayaniyar lantarki daga motocin injina da janareto na iya girgiza shi. Ba a sa shi kai tsaye a kuben ƙarfe, sai na tangaran ɗin alumina mai tsabta, wanda ke fashewa in ya sha duka ko zafi ya sauya masa farat ɗaya. Nan kuwa wuri ne da ake zura doguwar sanda ana fasa toka. Mafi muni, filatinam ba ya shiri da silika a wurin da oksijin ya yi kaɗan, yana gurɓata ya yi gautsi. Tokar ɓuntu kuwa silika ce. Kube na tsagewa, kuɗi sun tafi.

J bai ma shiga lissafi ba. Ƙafarsa ɗaya baƙin ƙarfe ne, iyakarsa 760, kuma tun kafin nan yake saurin ci. Na ambace shi ne saboda yana da yawa a shaguna kuma a ido ba ka bambanta shi da K.

Sai ya rage K da N. K ba mugun zaɓi ba ne. A iska mai tsabta, waya mai kauri milimita 3.25 tana iya kai wa 1260, mai 1.63 ta tsaya a 1090, sirara kuma ƙasa da haka. Lambar da ake rubutawa a kwali ta mai kauri ce, kuma mutane kan manta. Amma mun ga abin da hayaƙin wannan tanderu ya yi masa. N an ƙirƙiro shi ne a Ostareliya a shekarun 1970, ƙarƙashin jagorancin Noel Burley, musamman don magance raunin K. An ƙara masa kuromiyam da silikon, waɗanda ke yi wa wayar wata fata mai kare ta, don haka ya fi jure ruɓa kuma ya fi daɗewa bai zame ba. Iyakar zafinsa kusan ɗaya da na K, kuɗinsa kuma bai yi nisa da shi ba. Shi aka zaɓa, irin wanda wayoyinsa ke dannanne cikin garin magnesiya a kuben Inconel 600, wani ƙarfen nikel mai jure zafi, sannan aka ƙara masa bututun kariya na ƙarfe mara tsatsa mai lamba 310 daga waje, wanda za a riƙa sauyawa in ya ci. Ko sabo fil, ƙa'idar IEC 60584 ta yarje wa mai daraja ta biyu kaucewar kashi 0.75 cikin 100, wato digiri 6 a kan 800, mai daraja ta ɗaya kuma 0.4. Na gaya wa manaja ya daina tuhumar mutane a kan 5 ko 10.

Komawa N na da nasa tarkon, kuma na fi tsoronsa fiye da ruɓa. Idan aka ɗaura N aka bar tiransimita a kan K, zafin 900 zai fito ƙasa da 800. Idan kuma wata rana N ya mutu da dare, aka ɗauko K daga sito aka sa, zafin 750 zai fito da ƙarin kusan digiri 100. Launin waya ma ba abin dogaro ba ne sai ka san daga inda ta fito. A tsarin IEC, K kore ne, N ruwan hoda, S ruwan lemo, kuma farar ƙafa ita ce mara ƙarfi, wato nagetif. A tsarin Amurka, K rawaya ne, N ruwan lemo, S kore, jar ƙafa kuma ita ce mara ƙarfi, saɓanin abin da duk mai gyaran wuta ya saba. Saboda haka aka sayo sandunan ajiya tun farko, aka kwashe duk K ɗin da ke sito aka kai wani wuri, aka rubuta harafin N da fenti a bango kusa da ramin da kuma jikin akwati.

Wurin zaman sandar ma an sauya. Tsohuwar a kwance take ta gefe, kuma ƙarfe a irin wannan zafi yana saki ya sunkuya. Sabuwar daga sama aka sauko da ita a tsaye, nesa da harshen wuta da inda ake fasa toka, aka bar ta ta shiga fiye da kaurin bututunta sau goma don kada bango ya riƙa janye mata zafi. Tiransimitar ba a ɗora ta a kan sanda ba, domin yawancin irinta iyakarsu digiri 85, kan kuwa yana kan 70 tun bazara ba ta kankama ba. An yi mata akwati a inuwa 'yan mitoci daga tanderu. Wayar N gajera ta isa wurin, daga nan jan ƙarfe mai rigar kariya ya ɗauki mili'amfa zuwa ɗakin kula, wanda shi ne aikin da jan ƙarfe ya dace da shi. An raba hanyarta da ta wayoyin motocin injina, an kuma jona rigar kariyar da ƙasa ta gefe ɗaya tak. Aka mayar da tiransimita kan N, aka sake bin matakan nan biyar da jadawalinsa, aka saita allo sifili zuwa 1200, sannan aka tura sigina daga kan sanda tanderu na ci, lambar ta fito daidai a allo.

Bayan gyara

Da aka sauko da wuta zuwa 800 na gaskiya, tururi ya ragu, injin busarwa ya fara jan ƙafa. Manaja ya nemi a ɗan ƙara, mai kamfanin ya ƙi. Da aka buɗe boila aka tarar bututunta sun yi kauri da toka ta waje, ta ciki kuma da farin ɓawon ruwan rijiyar burtsatse. Zafin da ya wuce kima shi ne ya rufe wannan matsala duk tsawon lokacin. Bayan an kankare an wanke, tururi ya dawo, toka ta koma fita da laushinta. An kuma raba wa masu kwasarta takunkumi.

Maganar sallamar dattijon ta mutu. Mai kamfanin ya kira shi gaban ma'aikata ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, kai ke da gaskiya." An ƙara layi ɗaya a littafin awo inda mai ba wuta zai rubuta launin wuta da yanayin toka, kuma in abin da ya gani ya saɓa wa allo, a kira mai gyara a ranar.

Sandar da aka yi gwaji da ita an bar wa kamfanin, tana kulle a ofis, ba a aiki da ita sai ranar kwatanci, domin ita ma in ta zauna cikin wuta za ta zame. Kowane wata ana cusa ta gefen ta aiki na 'yan mintuna a rubuta bambanci. In ya wuce digiri 15 a sauya ta aikin. Mitar hannu da sandar za a riƙa aika su ɗakin gwaji mai shaidar ISO/IEC 17025 shekara-shekara. Rufin tanderun dai faci aka yi masa, don kakar shinkafa ta riga ta shigo kuma ba halin tsayawa. Sake gina shi an ajiye sai bayan an gama casar kaka.